Sannunku da Aiki, Masu Gyaran Birni

Wanda ya yi abin yabo a yaba masa, haka aka koya mana tun muna yara. Don haka yau jinjina ce na kawo ga gwarazan da suka tsaya kai da fata wajen fitar da Kano daga duhun kai: masu yanka filaye, masu buga musu hatimi a ofis, 'yan kwangila, da attajiran da barci ba ya ɗaukarsu muddin akwai wani fili da ke shan iska babu shago a kansa. Sannunku da aiki. Abin da damina da fari da mahara suka kasa yi wa birnin nan cikin shekara 900, kun kusa gama shi tun waɗanda suka ga farkon aikin suna raye.

Babbar nasararku ita ce ta kan kududdufai. Kakanninmu, bayin Allah, ba su shiga aji ba. In za su yi gini sai su haƙi ƙasa nan kusa da unguwa, ramin da ya saura ya zama kududdufi. Ruwan sama ya sauko ta indararo, ya bi lungu, ya gangara can ya kwanta. Yana kwance yana tsuma cikin ƙasa a hankali, rijiyoyin gidaje suna sha daga gare shi. Rani ya yi, magina su kwaɓa ƙasa da shi, dabbobi su sha, masu lambu su yi ban ruwa, yara su kama tarwaɗa. Rami ɗaya ya gina gida, ya tare ambaliya, ya riƙe rijiya. Ina wayewa a nan, tunda babu wanda ya ci kwangila?

Ku kuwa da kuka zo sai kuka cike su da shara da ɓaraguzai, kuka daddaɓe, kuka yanka fuloti. Da can a gefen unguwa ruwan Agusta yake kwana kamar bare. Yanzu kun karrama shi, kun buɗe masa hanya har uwar ɗaka, ya hau katifa, ya gaisa da buhun hatsi da takardun makarantar yara. Rijiyoyi kuma sun ja da baya, mai hali ya haƙa burtsatse, maƙwabcinsa ya haƙa wadda ta fi ta zurfi, mara hali ya tsaya bakin ƙofa yana jiran ɗan garuwa. Ko ba komai kun samar wa matasa aikin tura kura. Na san za ku ce kududdufi matattarar sauro ne da ƙazanta, har yara suna faɗawa. Gaskiya ne, kuma maganinku ya burge ni. Wani mai ƙaramin tunani zai ce a yashe shi, a hana zuba shara, a yi masa shinge, a dasa itatuwa a kewaye. Ku irin likitan nan ne da aka kawo masa mai ƙurji a yatsa ya sare hannun daga kafaɗa, kuma lallai ƙurjin bai sake fitowa ba. Rafin Jakara ma da ya ratsa birni ya shaida ƙwazonku, tunda an ɗaure shi da kankare ya koma babbar kwata.

Sai ganuwa. Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ta, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15. Da Baturen Birtaniya Clapperton ya shigo a 1824, ya rubuta cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikinta ba, sauran gonaki ne da lambuna. Dubi ɓarnar fili! Mutanen nan wai sun yi tunanin birni yana bukatar wurin noma da kiwo a cikinsa, don in an rufe ƙofofi kada yunwa ta ci mutane. Tun 2007 sunan ganuwar yake cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO don a duba, amma ba ku tsaya jiran kowa ba. Inda ta yi tsayi an kwashi ƙasarta, inda ta kwanta an jera shaguna. Jikokinmu sun huta da tambayar wa ya gina ta.

Yabo mafi tsoka na kan yaƙin da kuka yi da gidan ƙasa ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin magini ya san yawan ɓata lokacin da ke ciki. A jiƙa birji, a zuba ramno, a tattaka da ƙafa, a bar shi ya kwana ya tsima. A mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya. Magini yana zaune bisa katanga, yaronsa yana jefa masa tubali ɗaya bayan ɗaya, yana cafewa yana dasawa. Bangon ya yi kauri daga ƙasa, yana sirancewa yana hawa. A rufe da azara, wato tsagin giginya da gara ba ta iya ci. Inda ɗakin ya yi faɗi a yi ɗaurin guga, rufi ya tsaya babu ginshiƙi a tsakiya. A yaɓe da makuba daga kwasfar ɗorawa don ruwa ya zame. Abin da duk wannan wahala ta haifar shi ne ɗakin da in ka shiga da azahar a watan Afrilu za ka ji sanyi ya tare ka tun daga bakin ƙofa, domin kaurin bango yana shanye zafin rana, ba ya sakinsa sai dare ya raba. Da hunturu kuma ya riƙe ɗumi. Ba mita, ba kati, ba fetur.

Kun cece mu daga wannan. Kun ba mu bulo mai rami a ciki da rufin kwano, da taga ta gilashi tana kallon rana. Kano tana wuce digiri 40 a bazara, sai ga magidanci bayan sallar isha ya dafa bangon ɗakinsa ya janye hannu. An ɗauke wuta, fanka ta tsaya, jariri yana tsala kuka, ƙuraje sun feso masa a wuya. A fito da tabarmi tsakar gida, tsakar gidan ma an shafe ta da siminti, tana mayar da zafin da ta sha tun safe. Maƙwabci mai hali ya tayar da janareto, ya sayi sanyi ya raba wa unguwa hayaƙi. Gwanintarku ta kai har cikin zukata. Yau in saurayi ya je neman aure, cikin tambayoyin farko akwai, "Gidan nasu na ƙasa ne ko na siminti?" Kun mai da ilimin Sarkin Magina abin kunya, har ɗan magini ya gwammace ya ja babur mai ƙafa uku da a gan shi da laka a ƙafa. In damina ta kayar da wani tsohon gini da aka shekara goma ba a yaɓe ba, sai ku nuna shi ku ce kun gani. Ba ku taɓa wahalar da kanku da tambayar ina masu yaɓen suka tafi ba.

Kakanninmu ba su san darajar shara ba, shi ya sa ba sa barin ta ta taru. Katsin da aka kwashe daga marinar Ƙofar Mata, a haɗa shi da gashin jima daga majema da dafara, ya zama laso, a shafe soro da shi. Toka da kashin awaki da sharar tsakar gida a loda wa jaki a mangala, a kai gonakin da ke kewaye da birni, da kaka jakin ya dawo da gero da dawa da kara. Wannan zirga-zirga ce ta sa ƙasar kewayen Kano take ɗaukar noma kowace shekara ba hutu, abin da ya ja masani Michael Mortimore ya yi shekaru yana nazarinta tun daga shekarun 1960. Yanzu albarkacin leda, jujinmu ya sami 'yanci. Manomi ya kai shi gona ya shekara yana tsintar leda, akuya ta ci ta kumbura, saura ya toshe magudana ya taya ambaliya aiki.

Itatuwa ma ba ku bar su suna tare hanya ba. Giginyu, Kurna, Ɗorayi, Gawuna, Durumin Iya, Kasuwar Rimi, duk shaida ce cewa a gindin itace unguwa take tsirowa. Mai shakka ya je ya ƙirga abin da ya rage. Durumin ƙofar gida, inda dattawa ke zaman hantsi, ake raba gardama, mai talla take sauke farantinta, ya ba da wuri ga rumfar kwano. Ɗorawa mai ba da kalwa da makuba, da kuka mai ba da miya, sun tafi, an kawo furannin ado da sai an bi su da tankar ruwa. Kuma kowace shekara ba ku fasa bikin dashen itace: babbar riga, sabon shebur, mai hoto. Kafin mako ya zagayo akuya ta kammala shirin.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne yadda ba ku gajiya da hawa jirgi zuwa taron sauyin yanayi. Can ake gaya muku cewa siminti kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ke ɗumama duniya, ku gyaɗa kai ku rubuta. A nuna muku hoton makarantar Gando da Francis Kere na Burkina Faso ya gina da ƙasa, mutumin da ya karɓi lambar Pritzker a 2022, ku yi tafi. Da mota ma za ta kai ku ƙauyen Yama a jihar Tawa, inda Falke Barmu, magini kuma manomi, ya fara masallacin ƙasa a 1962, ya karɓi lambar Aga Khan a 1986. A Dandaji, Mariam Kamara da abokiyar aikinta sun gina sabon masallaci da tubalin ƙasa da aka matse da inji, suka mai da tsohon masallacin ɗakin karatu. Manoman Maraɗi da Damagaram, da sassaben zamani, wato barin kututture ya tofo a yi masa aski, sun dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a gonakinsu. Malam Muhammad Bah Abba ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, kayan miya suka daina saurin ruɓewa a ƙauyukan Jigawa, aka ba shi lambar Rolex a 2000. Amma waɗannan duk sun yi kusa da gida, ba a biyan kuɗin tafiya a kansu. Kun yi daidai da kuka jira sai an faɗa muku da Turanci.

Gatsen ya isa haka, domin abin ya fi ƙarfin dariya. Mutane suna rasa dukiya da rayuka a ruwan da a da yake da makwanci, tsofaffi da jarirai suna galabaita a ɗakunan da aka gina ba tare da tunanin rana ba. Babu mai cewa a koma zamanin Rumfa ko a rushe gidan kowa. Kududdufan da suka saura a ƙirga su, a sa su cikin doka, a yashe su, a kewaye su da itatuwa. Abin da ya rage na ganuwa a bar shi. Gwamnati ta gina aji da ɗakin shan magani da tubalin ƙasa ingantacce, don talaka ya ga ba abin kunya ba ne. Tsofaffin magina da ke raye a zaunar da su tare da injiniyoyi da ɗaliban zanen gini, a biya su kamar yadda ake biyan kowane gwani. Ilimin nan a hannu yake da baki, ba a littafi ba, kuma masu shi tsufa suke yi. Duk wanda aka binne a cikinsu ba tare da ya koyar ba, babu kwangilar da za ta dawo mana da abin da ya sani.