Tsegumin Kara: Jan Bijimin da Aka Saya Ba Taya

Jama'a ku matso kusa, ku rage murya, don maganar yau ta manya ce. A Kasuwar Shanu ta Maiduguri, daga rumfunan dillalai har wajen lodin tirela, babu zancen da ake yi sai na wani jan bijimi da ya tafi Kudu a kan kuɗin ƙanensa. Ba za mu kama suna ba. Mai abin ya san kansa, masu shayin bakin ƙofa ma sun san shi.

Ga yadda majiyarmu ta raɗa mana. Wani Bashuwa ne ya shigo da garke ta hanyar Gamboru Ngala, ya sauka wurin maigidansa dillali kamar yadda aka saba. A cikin garken akwai jajayen bijimai biyu. Ɗaya an yi watanni ana turke shi da dusa da harawa, ɗayan kuwa tafiya ta cinye masa nama. Maigida ya yanka wa kowanne farashi, ya faɗa wa yaronsa, ya wuce sallar azahar. Yaron bai daɗe da fara riƙe igiya ba, sai lissafi ya harɗe masa, ya ɗora kuɗin ramammen a kan ƙosasshen.

Sai ga wani Alhaji, cikin manyan masu lodi zuwa Legas da Fatakwal. Mutum ne da ya tsufa a kara, wanda in ya shafa tozon sa zai faɗa maka kilo nawa mahautan Agege za su fitar. Ya tambayi kuɗi, yaro ya faɗa. An ce Alhaji ya dubi bijimi, ya dubi yaro, ya waiga hagu da dama, ya ce, “Na saya, ɗana. Kawo lambar asusu.”

A nan ne ƴan kasuwa suka riƙe baki. Alhajin da kowa ya sani da jan ciniki, wanda ko goro ba ya saye sai mai tallan ta ce albarka sau uku, yau ya sayi bijimi bai ko taya ba! Kafin alat ya gama shiga waya an shafa wa sa fenti. Kafin maigida ya shafa addu'a an ja shi zuwa wajen lodi. Wai tirelar ma ba ta gama cika ba Alhaji ya ce wa direba ya kama hanyar Damaturu, za a ƙarasa a gaba.

Da maigida ya dawo ya ga turke wayam, ya ji adadin da aka biya, sai da ya nemi wurin zama. Tazarar, in ji masu lissafi, ta isa sayen wata saniyar. Ya aika wa Alhaji cikin girmamawa cewa kuskuren yaro ne. Amsar da ta dawo gajera ce: an faɗi kuɗi, an biya, an sallama, ciniki ya faɗa.

Yanzu kara ta rabu biyu. Ƴan bayan Alhaji suna cewa tsuntsu ne daga sama gasasshe, kuma kasuwa ba makaranta ba ce. Ai da yaron ya tsuga kuɗi Alhaji ya biya, wa zai biyo shi da canji? Ɗaya ɓangaren suna cewa da a ce da gwaninta aka ci ribar, da ba wanda zai ɗaga kai, amma wannan an ga makaho ya nufi rami ne aka yi shiru.

Abin dariyar, kowane ɓangare ya samo malaminsa. Wani Goni ya tuna musu cewa a mazhabar Malikiyya ciniki yana ƙulluwa da zarar baki ya haɗu, kuma Mukhtasar na Khalil bai buɗe ƙofar mayar da kaya don kawai wani ya yi asara a farashi ba. Ƴan Alhaji suka yi kabbara. Ba su jira ƙarshen karatun ba, inda malamai suka keɓe wanda ya miƙa wuya ga abokin cinikinsa saboda rashin sanin farashi. Wani malamin kuma ya buɗe Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, littafin da alƙalan ƙasar nan suka sani sarai, ya nuna cewa wanda aka ci da rashin sani yana da damar kai ƙara idan tazarar ta kai kashi ɗaya cikin uku kuma ba a shekara ba.

Wani dattijon dillali ne ya kashe bakin kowa da labarin sahabi Jarir ɗan Abdullahi. Yaronsa ya tsayar masa da cinikin doki a dirhami 300. Jarir ya duba dokin ya ga ya fi haka, ya yi ta ƙara wa mai shi kuɗi da kansa har 800, saboda alkawarin da ya ɗauka na yi wa kowane Musulmi nasiha. Dattijon ya gyara zama ya ce, “Allah gafarta Malam, ni dai ban yi nisa a karatu ba. Amma in halal ne, me ya kawo gudun tirela?”

Abin da ba a faɗa da ƙarfi shi ne wanda zai biya. Bashuwa ba ruwansa, kuɗin da aka yi da shi zai karɓa cif. Maigida ba zai yarda sunansa ya ɓaci wurin baƙinsa ba, zai cika daga aljihunsa, sa'an nan ya juyo kan yaro. Mun ji an riga an fara riƙe la'adar yaron, kuma babur ɗin da yake tara wa kuɗi ya zama labari. A Ingila, a 1999, kantin Argos ya yi kuskuren sa talabijin ta kusan fam 300 a kan fam 3 a intanet. Jama'a suka yi ca, kamfani ya ce kuskure ne, ya ƙi bayarwa. Babban kamfani ke nan mai lauyoyi. Yaron kara ba shi da kowa sai hawayensa.

Tun da tsegumi muke yi, bari mu tono tsohon zance. Kun tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi na zamanin gwamnan Babban Banki Emefiele, da takardar naira ta ɓace aka tilasta wa ƴan kara ciniki ta waya? An ce a lokacin wannan Alhajin da kansa ya ƙara sifili ɗaya wajen tura wa wani mahauci kuɗi. Ranar ba wanda ya ji kalmar ciniki ya faɗa a bakinsa. Amana ya yi ta ambato, da tsoron Allah, da kwanciyar kabari, har mahaucin ya mayar masa ko sisi bai taɓa ba. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Kuma tsofaffin kara suna da dalilin tsoron saniya mai araha. A watan Maris na 2016 gwamnatin Kashim Shettima ta Jihar Borno ta dakatar da ciniki a kasuwannin shanu na Gamboru, Dusuman, Shuwari da Ngom, saboda shanun sata da ƴan Boko Haram ke turowa ta hannun wasu. Masu gaskiya da marasa ita duk suka zauna a gida. Tun daga nan duk wanda ya ga farashin da bai yi kama da dabba ba, ya san tambaya ake yi kafin a taɓa igiya.

Inda Alhaji bai yi lissafi ba shi ne nan. Cinikin shanu a kan bashi yake tafiya. Ana loda wa mutum tirela guda da baki kawai, sai ya sayar a Kudu ya turo kuɗi, ba takarda ba shaida sai suna. Majiyarmu ta ce tuni wasu masu masauki biyu suka gargaɗi yaransu: in Alhaji ya zo, a ce maigida ba ya nan. Wani kuma ya ce daga yau kuɗi hannu, kuma ba a ɗaga igiya sai shi da kansa ya tsaya. Ribar bijimi ɗaya ba za ta cike wannan giɓin ba, ko da na layya ne.

Mun kuma ji shugabannin kasuwa sun sa a kira ɓangarorin biyu bayan sallar Juma'a. Wani na kusa da Alhaji yana ta lallashinsa ya cika kuɗin a ɓoye kafin ranar, a ce kyauta ce ya yi wa yaro, kowa ya tsira da mutuncinsa. Uwargidansa ma, wai, ta ce ba a dafa mata cefane da wannan riba. Ko zai ji ko zai taurare, wakilinmu zai kasance a bayan rumfa da kofin shayinsa, mako mai zuwa za ku sha labari.