Ranar Da Jirgina Ya Cafki Akuyar Inna

A waya na fara ganin abin, wani dare da sauro ya hana ni barci a Talata Mafara. Wasu dattawa ne a Amurka, da furfurarsu da tumbinsu, kowanne tsaye a tsakiyar fili da 'yar mariƙa a hannu, ƙaramin jirgin sama yana kewaya shi a ƙarshen wayoyi masu tsawon ƙafa 60. Tun farkon shekarun 1950 ake wannan gasa. A bakin da'irar sun kafa dandamalin katako, wai shi ne jirgin ruwan yaƙi. Daga kansa jirgin zai tashi, ya yi zagaye bakwai da iyakar gudunsa, ya ƙara bakwai da tafiyar hawainiya, sannan ya sauko, ƙugiyar wutsiyarsa ta cafki ɗaya daga igiyoyin da aka gitta aka danne da buhunan yashi.

Na ce yanzu wannan ne zai gagari wanda ya ƙera motar kara har da sitiyari? A Kano ma, a 2007, da tarkacen mota Mubarak Muhammad Abdullahi ya haɗa jirgi mai saukar ungulu.

Ran Talata na shiga kasuwa na sayo jirgin wasan yara na soso, na farke masa ciki. Na yanko murfin gwangwanin madara mai kusurwa uku na kafa a tsakiya da ƙusa, yadda in ka ja zaren sama jirgi ya ɗaga kai, in ka ja na ƙasa ya sunkuya. Injin kuwa daga fankarmu mai caji na ciro, mutanen gida kuwa suka yi ta zargin ɓera. Ƙugiya wayar ƙafar keke ce. Zare sai da na dangana da masuntan dam ɗin Bakolori, wajen Maradun, na sayo na fatsa. Mai sayarwar ya tambaye ni wane irin kifi zan kama da zare mai tsawo haka. Na ce masa mai tashi.

Fenti ne ya kusa kashe aikin. Na kai shi wurin wani mai fentin babura a Bakura na ce shuɗi nake so irin na sojan ruwa. Bawan Allah ya ga abin ya burge shi, ya zuba masa hannu uku, ya ƙara da tauraro a kowane fiffike kyauta. Jirgi ya fito yana sheƙi kamar motar amarya, nauyi kuwa kamar tubali. Sati biyu na yi da sanfefa ina kankare kuɗina da hannuna.

Jirgin ruwan ƙyauren ɗakin Inna ne, na ɗora a kan bulo huɗu, na gitta igiyar guga, na danne bakinta da tsofaffin safa cike da yashi. Ƙanena ya riƙe wutsiya, yaran unguwa suka yi layi, Kawu ya jawo kujera gindin darbejiya.

Ya tashi! Wallahi ya tashi. Sai dai cikin wata ukun da na yi ina lissafi, ban taɓa lura cewa shi ma matuƙin juyawa yake yi ba. Zagaye na farko ina murmushi. Na uku na ga darbejiya ta wuce, Kawu ya wuce, darbejiya ta sake wucewa da Kawu biyu a gindinta.

"Kai ɗan nan," in ji ɗaya daga cikinsu, "wanga jirgi naka ina za shi ne? Tun ɗazu nan nike ganinai."

Ban samu bakin amsawa ba. A zagaye na biyar jiri ya ɗebe ni na zauna daɓas, hannuna ya yi ƙasa, jirgi ya bi umarni. Ya tsallake ƙyauren ko kallonsa bai yi ba, ya shafi ƙasa, ƙugiya ta yi aikin da aka ƙera ta dominsa: ta cafki igiya. Igiyar akuyar Inna ce da ke turke.

Akuya ta ji farfela na kuka a bayanta, ta tumɓuke turke ta zura. Ita a gaba, jirgi na biye yana tsalle a kan kunyoyi, ni kuma a can ƙarshe da mariƙa a hannu, ina tangaɗi ina ce wa yara su tare. Babu wanda ya tare, duk suna ƙasa suna birgima. Sai a bakin magudanar ruwan noman rani aka kamo ta, fiffike ɗaya rataye a ƙahonta, tana tauna ɗayan, da tauraron da komai.

Da muka dawo, Inna na tsaye a ƙofar ɗakinta da babu ƙyaure, kaji sun shige sun hau gado. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Sannu da sauka, Alhaji. A maida mini ƙyaurena kafin magariba, sannan a zo a gaya mini abin da ya sami fanka."