'Yar Indiya a Gadarif

A Gadarif ta ƙasar Sudan, da zarar kaka ta yi babu mai jin magana daga farkonta. Riɗi ba ya jira. In ya nuna aka yi sake, kwanso ya tsage, wahalar shekara ta zube a tsagar baƙar laka. Shi ya sa a watan Oktoba kowa a guje yake, wannan yana neman man tarakta, wancan yana jiran 'yan ƙwadagon Habasha da za su shigo ta Gallabat, kowa sai ya ji rabin zance ya ƙarasa sauran a hanya.

A irin wannan kakar ce, kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023, muna zaune da la'asar a rumfar mai sayar da gahawa kusa da kasuwar amfanin gona, ni da Liman da wani tsohon malamin makaranta da kowa ke kira Malam. Dukkanmu jikokin mutanen da suka taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka ne, wasu tun bayan yaƙin Burmi na 1903, tafiya ta ƙare musu a nan. Hausa muke yi a tsakaninmu, sai in an zo ciniki ko faɗa mu juye Larabci.

Ina ba su labarin yanar da ta rufe mini idon dama. Duniya nake kallo kamar ta bayan ledar da aka juye koko. Har buhun dawa na taɓa yi wa sallama a ƙofar shago, na ji haushi da bai amsa ba.

Malam ba ya barin zance ya wuce bai sa masa shekara ba. Ya ce yana ta fi kowace cuta makantar da mutane a duniya, ita ce kuma mai sauƙin magani: ƙwayar idon da ta yi fari ake cirewa a maye ta da ta roba. Wani likitan Ingila, Harold Ridley, shi ya fara a Landan a 1949, amma talaka bai ga amfanin abin sosai ba sai da masana'antar Aurolab ta garin Madurai a Indiya ta soma yin ƙwayar da araha a 1992. Ya ja mini kunne kan masu tsinken nan da ke yawo ƙauye suna tura ƙwayar cikin ido, mutum ya ga haske na ɗan lokaci daga baya ya rasa duka. Ya ce in gode wa Allah ma ba hawan jinin ido ba ne, shi abin da ya ci ya ci ke nan.

Daidai nan Dogo ya faɗo rumfar, waya a kunne, ƙura har gira. Ƙarar tarakta ta riga ta cinye masa kunne ɗaya, ɗayan kuma ya ba dillalan riɗi haya. Ya zauna, aka zuba masa gahawa, ni kuwa ina cewa:

"Ni dai na gaji da ita. Ta hana ni karatu, ta hana ni fita da dare. Ana gama yankan riɗi za a raba mu."

Dogo ya ajiye finjali. "Subhanallahi. Alhaji, abin har ya kai haka?"

"Ya ma wuce."

"Ba a gwada haƙuri ba?"

"Haƙurin me, Dogo? Na yi tofi, na sha rubutu, ita kuwa kullum ƙara kauri take yi."

Malam ya gyaɗa kai. "Irin wannan ba a lallashinta. Cirewa kawai."

Liman ya ce, "Ni ma bara na rabu da tawa. Ta dama. Ko rabin awa ba a yi ba. Da na san haka abin yake da sauƙi da tuni na haɗa da ta hagun."

Liman mata biyu gare shi. Dogo ya dube shi, ya buɗe baki, ya rufe. Can ya juyo gare ni a hankali.

"To in ta tafi, haka za ka zauna?"

"Ina! Nan take za a sa mini sabuwa. 'Yar Indiya. 'Yar ƙarama, garai-garai. Malam ya ce ba ta tsufa, da ita za a binne ni."

"Indiya," in ji Dogo. "Nawa?"

"Bai kai kuɗin tayar taraktarka ɗaya ba. Wani lokacin ma masu taimako na zuwa su yi wa mutane kyauta, layi kawai za ka bi."

Wayarsa ta yi ƙara. Ya miƙe ya tafi bai ko shanye gahawar ba, muka ce ai riɗi ne.

Bayan sallar isha'i na doshi gida ina laluben bango. A ƙofar zaure na yi tuntuɓe da takalma, tuli guda. Ciki an jera gadajen igiya, mutane zaune shiru, ba na gane fuskar kowa. Gabana ya faɗi. Na durƙusa na ce, "Allah ya ji ƙan rai. Wa muka rasa?"

Muryar kawun matata ce ta amsa, tsohon da aka ɗauko daga ƙauye a bayan lori da magariba. "Zauna, ɗana. Babu wanda ya mutu. Me 'yarmu ta yi maka?"

Yayanta na gefe yana huci, ga mai unguwa, ga Dogo can lungu ya sunkuyar da kai irin na wanda ya yi aikin lada. Kawu ya ce sun ji ranar ma an sa.

Na ɗauka zancen asibiti yake. Na ce, "An sa, Kawu, Laraba ta sama. Ai Hajiya ce ma ta matsa a yi, ita ta je da ƙafarta ta karɓo takardar." Na zaro ta daga aljihu na miƙa masa.

Tsoho ya janye hannu ya ɓoye cikin riga. "Ba da hannuna ba! Mayar da ita! Ba a karɓa ba, ba a karanta ba!" Yaya ya miƙe, mai unguwa ya riƙe shi, takarda ta faɗi ƙasa kowa yana ja da baya. Jikana ne, ɗan firamare, ya tsince ta ya kai gaban fitila ya karanta da ƙarfi yadda aka koya musu: sashen ido, idon dama, a zo da safe, a taho da mai rakiya.

Mai unguwa ne ya fara, dariya har da tari. Dogo kuwa ko a jikinsa. "To ka ce ido mana, Alhaji! Mutum ya zauna yana ta ita, ita, 'yar Indiya!"

Na zaci an gama. Sai ga shessheƙa daga bayan labule. Ashe da matar Dogo ta kawo wa Hajiya labari da yamma, Hajiyar da ta san komai har lambar ɗakin likita, ba ta ce uffan ba. Ta rufe fuska da mayafi ta ce, "Allah na gani." Dattawa suka haɗa kai suka yanke cewa ko babu saki an yi yawo da sunan 'yarsu a unguwa, kuma ba a taso Kawu daga ƙauye ana tsakar kaka ya koma haka nan ba. Hukunci: sabon tob (lulluɓin matan nan), turaren wuta, da kuɗin lorin Kawu. Biko na yi cikakke a kan matar da ko zaure ba ta taka ba. Na Liman ya fi nawa, domin a gidansa kowace cikin biyun ta rantse ita ce ta hagun.

An yi aikin lafiya. Washegari da aka cire bandeji na ga furfurar da ban san ina da ita ba, na ga tsagar bangon ɗakina, na kuma ga tob ɗin da na saya a makance, ashe mai zaren zinariya ta zaɓa. Tana ɗiga mini magani da dare ta ce:

"Alhaji, yaushe likita ya ce za a yi na hagun?"

"Sai bayan wata biyu. Me ya faru?"

"Babu komai. In ranar ta matso ka gaya wa Dogo."