Wa Ya Ce An Daina Wasan Guje-Guje? A Je Shasha a Gani

Dattawa sun ɗauko wani sabon kuka, wai yaran yanzu ba sa wasa. Wai waya ta cinye langa, ta haɗiye ɓuya, dandali ya koma kufai. Duk mai wannan kuka, a biya masa kuɗin mota zuwa Badun, a sauke shi a Ojoo, ya hau acaɓa ya ƙarasa Kasuwar Shasha. Zai tarar da wasan yana nan da ransa. Yaran ne aka kora daga fili, iyayensu suka karɓe.

Ga wanda ya manta doka, bari a tuna masa. A guje-guje mutum ɗaya ke bin sauran, wanda ya taɓa shi ke karɓar bi. A ɓuya kuwa, wanda Yarbawa maƙwabtanmu ke kira bojuboju, mai nema zai rufe ido, kowa ya nemi maɓoya, wanda ya riga shi zuwa wurin sha ya tsira. Wurin sha ɗin nan shi ne ran wasan. Ko gindin bishiya ne, ko turmi, da ka dafa shi ka ce "na sha", ba mai ikon taɓa ka.

To, manyan Shasha sun haɗa biyun sun sa masa suna bashi. Ba jiya aka fara ba. Tun da aka kafa unguwar Sabo a 1916 Hausawan Badun ke cinikin shanu da goro, kuma masanin nan Abner Cohen, a littafin da ya fitar a 1969, ya nuna yadda cinikin shanun ya rataya a kan bashi, maigida yana tsaya wa baƙonsa har kuɗi su fito. Inda aka ce bashi kuwa, dole a sami mai bi da wanda ake bi.

Wasan yakan fara da fara'a. "Alhaji, ba ni kwando biyar, zuwa la'asar in sha Allahu." Ba a dai faɗi la'asar ɗin wace rana ba. Daga nan mai nema ya rufe ido, ya buɗe ya ga wayam. A buga waya, a ji murya can ƙasa-ƙasa: "Wallahi ranka ya daɗe ina hanyar Ogbomosho, sabis ba kyau." Alhaji yana jin kukan akuya a waya, yana kuma jin kukan akuyar nan tak a bayan buhunan albasa. A nan ƙwararre ke bambanta da ɗan koyo. Ɗan koyo yakan manta bai rage ƙarar wayarsa ba.

Wurin sha na wannan wasa masallaci ne, kuma ban san wanda ya fara gano hakan ba, amma ya cancanci lambar yabo. Mutumin da ko farilla sai an ja shi, da ya hango mai binsa ya doso, sai tsoron Allah ya sauko masa nan take. Ya yi alwala a gurguje, ya tayar da nafila. Ya yi sallama dama, ya ga Alhaji zaune yana jan carbi yana jira. Kafin ya gama juyawa hagu ya riga ya ƙulla niyyar wasu raka'o'i biyun. Haka za a yi ta yi. Ɗaya ya ƙaru da lada, ɗaya ya ƙaru da hawan jini, kuɗin tumatir kuwa suna inda suke.

Akwai wani nau'in da ake bugawa tsakanin ƙabilu, kuma shi ya fi daɗin kallo. Iya ta zo da ɗaurin zaninta, ta taɓa kwando, ta ji farashi, ta tafa hannu ta juya ta tafi. Ba tafiya take ba, jira take a biyo ta. Shi ma mai tumatir ya sani, sai ya kawar da kai yana ƙirga takunta a zuci. Wanda ya fara waiwayowa shi aka kama. Amma alƙalin wasan na gaskiya yana cikin kwando. Tumatirin da ya kwana a mota tun daga Kadawa ko Zariya ba ya da haƙurin jiran kowa. Da sanyin safiya Iya ke bin Alhaji. Rana ta take, kaya suka fara laushi suna neman zama gwalagwaji, sai ka ga Alhaji da babbar riga yana bin Iya yana Yarbancin da ba a koyar da shi a kowace makaranta. Lokacin rani, da kayan lambu suka cika kasuwa, ɗan Arewa ne mai bi. A 2016 da tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, sai reshe ya juye da mujiya, mai kwando ɗaya ya zama sarki, ana binsa har bakin banɗaki.

Langa kuma damina ke kawo ta. Yaro yakan riƙe ƙafa ɗaya ta baya ya yi ta tsalle da ɗayar, wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi ya fita, burin kowane ɓangare shi ne ɗan wasansu da ake kira ruwa ya kai wurin sha. A Shasha taɓo ne ke riƙe maka ƙafar, ba ka nema ba. Ɗan dako da kwando a ka, silifa ɗaya ya maƙale a baya, yana tsalle tsakanin tirela da baro, kuma ko ƙwayar attaruhu ba ta faɗi ba. Ana buga langa a Gasar Wasanni ta Ƙasa tare da dambe da kokawa, amma masu zaɓen 'yan wasa ba su taɓa leƙo nan ba, shi ya sa ake ba wasu zinare a banza.

Kada wani ya ce abin na yara ne. A Ingila an mayar da guje-guje gasa mai suna World Chase Tag, inda ake ba mai bi daƙiƙa 20 ya taɓa mai gudu, ana kallo a talabijin. Indiya ta shirya gasar cin kofin duniya ta kho-kho, wasan guje-gujensu, a Delhi a 2025. Wasu abokai daga garin Spokane na Amurka sun shafe shekaru fiye da 20 suna bin juna duk watan Fabrairu, har aka yi musu fim a 2018. Wata ɗaya a shekara! A Shasha akwai wanda ake bi tun kafin a cire tallafin mai, kullum yana cin kasuwa, kullum ana gaisawa da yaransa, kuma har yau hannu bai taɓa shi ba.

Abin da ya rage shi ne a gyara doka, domin yara ma ba sa yarda mutum ya dafe wurin sha ya kwana a kai. Ina roƙon fadar Sarkin Shasha da shugabannin kasuwa su zauna su yanke adadin nafilar da mai bashi zai yi kafin a taɓa shi. Kafin su yanke, shawarata ga masu bi ita ce ku daina zama cikin sahu kuna jira. Ku zauna a bakin ƙofa, ku riƙe takalmansa.