Masu Ciyar da Ƙadangare Mai Gemu

A gida ƙadangare ba ya jiran kowa ya ba shi abinci. Ya hau katanga, ya gyaɗa kai, ya kama ƙudansa. Sai da zama ya kawo ni Ingila, autana ya kafe sai an saya masa ƙadangare mai gemu, ɗan asalin busassun dazukan tsakiyar Ostireliya, sannan na san akwai ƙadangaren da ke da masu hidima, kuma kowane da irin haukansa.

Akwai mai ma'auni. Ya ji an ce ƙwaron da za a ba ƙaramin ƙadangare kada ya wuce tazarar da ke tsakanin idanunsa biyu, gaskiya ne kuwa, amma shi sai ya ɗauko rula yana auna gyare ɗaya bayan ɗaya. Akwai mai latas, wadda ta rantse nata ba zai ci abu mai rai ba, alhali ɗan ƙarami kusan kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na cimarsa ƙwari ne, sau 2 ko 3 a yini. Ganye sai ya girma yake rinjaye. Latas ɗin ma ruwa ne zalla.

Amma gwanina shi ne baƙon da ya zo daga gida. Kawuna ya sauka wurinmu mako 3, ya ja kujera gaban akwatin gilashin ƙadangaren kamar mai kallon talabijin. Ranar farko salati kawai yake yi. Rana ta biyu ya ga na buɗe robar fara mai rai da na sayo a shagon dabbobi, ya tambayi kuɗinta, na faɗa, ya lissafa da naira, ya cire hula ya shafa kai. "Ɗan nan," in ji shi, "farar da za a soya da yaji mutum ya ci, ita kake ba wannan?" Da ya ga ina yanka wa gyare karas da kabewa tun kwana guda kafin a cinye su, don abin da ke cikinsu shi ne ke amfanar ƙadangaren, sai ya ce ashe har abincin ma ana yi masa girki.

Kafin mako ya zagayo Kawu ya zama likita. Ya ce ɗan ƙadangaren ramamme ne, a gwada masa loma ɗaya ta tuwo. Na hana. Ya kawo shawarar fiya, na ce guba ce gare shi. Ya ce to a fita lambu a kamo ƙwari kyauta, na ce maganin feshi fa, kuma a Amurka maƙesu guda ɗaya, ƙwaron nan mai walƙiya da dare, yana iya kashe shi. Ranar da zai koma na same shi da asuba yana barbaɗa wa gyare hodar kalsiyam, yana cewa, "Ci mana, Malam Gemu, kada a ce mun bar ka da yunwa."

Akwai kuma wanda ya manta bai rufe robar gyare ba, gidansa ya yi wata guda yana kuka kamar daji da damina. Ba zan faɗi sunansa ba, matata ta san shi.

Wanda ba na iya yi wa dariya shi ne mai ƙyashin fitila. Ya sayi dabbar da za ta iya kai shekara 10 ko fiye, ya ji kuɗin ƙwan UVB, ya ce ai hasken taga ya isa. Gilashi kuwa tare hasken UVB yake yi, in babu shi jiki ba ya haɗa bitamin D3, kalsiyam ba ya shiga ƙashi. Na ga irin wannan ɗan ƙadangare a gidan wani: muƙamuƙinsa ya yi laushi, ƙafafu sun lanƙwashe, yana rawar jiki, ga gyare a gabansa ya kasa kamawa. Mai gidan yana riƙe da sabuwar waya dal, yana gaya mini wai dabbar ce raguwa.