Ire-iren Magidantan da Ke Haɗa Ƙararrawar Tsaro da Hannunsu

Ƙararrawar da ke tona asirin ɓarawo da ƙarfin lantarki tsohuwar aba ce, domin tun a shekarar 1853 wani Ba'amurke mai suna Augustus Pope ya yi rajistar wadda ya ƙirƙira, mai kaɗawa da zarar an buɗe ƙofa ko taga, kuma bayan 'yan shekaru Edwin Holmes ya sayi haƙƙin ƙirar ya mayar da ita sana'a a birnin New York. Abin da zamani ya zo da shi shi ne kwalin da magidanci zai saya a kasuwa ko ya yi odarsa ta intanet, ya baje a tsakar falo ranar hutu ya haɗa da kansa ba tare da ya kira mai gyaran wuta ba. A cikin kwalin akan tarar da uwar na'ura, wato akwatin da ke karɓar rahoto ya yanke hukunci, da jiniya, da kuma sansa, wadda ita ce 'yar na'urar da ake liƙawa a ƙofa ko bango domin ta ji wani canji ta kai wa uwar labari ta iska. Kayan iri ɗaya ne ga kowa, amma tun daga wajen zaɓensu halin mai gida yake fara bayyana, har ana iya karkasa masu wannan aiki gida-gida.

Wanda aka fi saurin ganewa shi ne mai haɗama. Sansar ƙofa ɓari biyu ce, maganaɗisu a jikin ƙyaure da ɗan makunni a jikin firam, ta yadda idan ƙofa ta buɗe suka rabu sai makunnin ya aika da ƙara, kuma saboda sauƙinta da arharta mai haɗama ba ya iya tsayawa ga ƙofofin waje. Yakan liƙa wa ƙofar sito, da durowar kaya, da murfin firji, da akwatin da ake ajiye naman salla, alhali ƙofar baya ta kicin, wadda sakatarta ta daɗe da lalacewa, ba ta samu ko ɗaya ba domin kayan sun ƙare kafin a zo kanta. Kowace sansa tana ɗauke da ɗan batir mai faɗin kwabo, irin su CR2032, kuma batura ba sa shawara da juna kan ranar mutuwarsu, don haka da wuya wata ya wuce uwar na'ura ba ta tashe shi cikin dare da ɗan kukan da ke nufin wani batir ya yi sanyi a wani lungu ba.

Maƙwabcinsa a hali shi ne gwanin da ba ya karanta takarda, wanda kan jefar da littafin bayani tare da ledar kwalin, yana cewa ai abin ba wani abu ba ne. Sansar motsi ce take kunyata shi. Ita wannan ba motsi take gani kai tsaye ba, canjin zafi take ji, wato hasken infirared da jikin mutum ke fitarwa wanda ido ba ya gani, kuma farin murfinta mai tsaga-tsaga yana raba ɗaki yanki-yanki ne domin ta lura idan abu mai ɗumi ya ƙetare daga wani yanki zuwa wani. Shi ya sa ake ɗaura ta a kusurwa, sama da mita 2 kaɗan daga ƙasa, inda mai shigowa zai gifta ta gabanta, kuma ake nisanta ta da taga da murhu da na'urar sanyaya ɗaki. Gwani yakan kafa tasa tana kallon tagar gabas, sai hantsi ya dubi labule ita kuma ta sanar da unguwa cewa an shigo. Akwai kuma abin da mazauna Sakkwato ko Maraɗi ya kamata su sani, cewa idan zafin ɗaki ya kusanci na jikin ɗan Adam, wanda yake wajen digiri 37, bambancin da sansar ke dogara da shi yana raguwa, ta yadda a tsakiyar bazara jinta kan yi rauni. Ƙofar ƙarfe ma tana shanye ƙarfin maganaɗisu tana kuma tare saƙon da ke tafiya ta iska, sannan salatif mai manne gaba da baya da gwani ya amince wa maimakon kusa yakan saki idan bango ya ɗauki zafi da ƙura, sansar ta faɗo ƙasa, jiniya ta ɗauka. A duk waɗannan lokuta hukuncinsa ɗaya ne, wato kayan jabu aka sayar masa.

Matsoraci kuwa ya karanta takardar tsaf, sai dai abin da ya ɗauka daga cikinta shi ne inda ake ƙure ƙarfin jin kowace sansa. Ya sayi mai sauraren fashewar gilashi, wadda aka tsara ta jira bugu mai nauyi sannan tartsatsin da ke biyo baya, ya ƙure ta har faɗuwar faranti a kicin ya zama fashi da makami. Akwai sansar motsi da ke kau da kai daga dabba mara nauyi, amma shi ya ƙi ta bisa hujjar cewa ɓarawo ma yana iya rarrafe, don haka mage da tsakar da ta bi ta kan murfin da gizo-gizon da ya yi saƙa a gabansa duk sun shiga jerin waɗanda ake zargi. A daren farko maƙwabta sukan fito da tocila da gora. Bayan wata guda ba mai ko juyawa a shimfiɗa, sai dai a ce ta gidan Alhaji ce. Matsalar ba tasa ce shi kaɗai ba, domin a Amurka fiye da kashi 90 cikin ɗari na kiran da ƙararrawar gidaje ke jawo wa 'yan sanda na ƙarya ne, har birane da dama suna cin tarar mai gidan da tasa ta cika ihu ba dalili.

Mai son araha ba ya buƙatar dogon bayani: kyamarar roba ya saya, wadda ba komai cikinta sai 'yar jar fitila, ya haɗa da sitika mai gargaɗin cewa ana kallon gidan, kuma yakan cire batirin fitilar da rana don kada ya ƙare.

Ɗan fasaha shi ne ya fi kowa kashe kuɗi, kuma shi ya fi wahalar da iyali. A bakinsa ake jin Zigbee da Z-Wave, waɗanda hanyoyi ne da ƙananan na'urori ke zantawa da juna ba tare da cin batir da yawa ba, da kuma Matter, tsarin da manyan kamfanoni suka fitar a 2022 domin kayan wannan su fahimci na wancan. Ya tsara cewa idan wayarsa ta yi nisa da gida ƙararrawa ta kunna kanta, ya manta cewa gidan Bahaushe ba ya zama kango don mai gida ya tafi ofis, akwai uwargida da yara da mai aiki da baƙuwar da ta zo daga ƙauye ganin likita, waɗanda duk sukan wayi gari sun zama 'yan kutse a idon uwar na'ura. Daƙiƙa 30 ɗin da aka ba mai shigowa ya danna lambar sirri ba ta isar tsohuwar da ke sallama tana neman inda za ta ajiye takalmi. Sannan ginin nasa gaba ɗaya yana tsaye ne a kan wuta da intanet, abubuwa biyu da ba su cika alƙawari ba, ta yadda idan an ɗauke wuta ko data ta ƙare sai gidan ya kurumce, sai fa idan uwar na'urar tana da batirin ko-ta-kwana da layin waya da za ta kira ko ta tura saƙo da shi, wanda shi ne ɗan abin da ya raina lokacin saye. Ko a inda wuta ba ta ƙiftawa dogaro da kamfani yana da haɗarinsa, domin a watan Afrilun 2024 Google ya daina tallafa wa ƙararrawarsa ta Nest Secure, waɗanda suka saye ta suka koma neman wata.

Ɗan'uwansa na jini shi ne mai sa ido, wanda ya ce ɓarawo yake tsoro amma kyamarorinsa duk cikin gida suke kallo. Haɗa kyamara da ƙofa ya samo asali mai daraja, tun da wata ma'aikaciyar jinya a New York, Marie Van Brittan Brown, ita da mijinta suka sami rajistar irin wannan ƙira a 1969 domin ta ga mai ƙwanƙwasa mata ƙofa kafin ta buɗe. Shi kuwa mai sa ido yakan bugo waya daga kasuwa ya tambayi dalilin da ya sa aka bar fankar falo a kunne. Abin da bai taɓa yi ba shi ne canza kalmar sirrin da kyamarar ta zo da ita daga masana'anta, alhali da irin waɗannan kalmomi ne muguwar manhajar Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da makamantansu a 2016, aka yi amfani da su wajen durƙusar da manyan shafukan intanet. An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago.

Akwai kuma mai nazari, wanda ya san bambancin kowace sansa da 'yar'uwarta, ana ma zuwa neman shawararsa, amma kwalinsa yana ƙarƙashin gado ba a ɓare ba, domin ya ji labarin sabon samfuri yana hanya.

A gidajen dukkansu akwai mutum guda da ba a shawarta lokacin saye, ita ce uwargida, wadda ba ta san Zigbee ba amma ta san soket ɗin da ake zarewa a samu barci. Akwai kuma sansa guda da kusan dukkansu suke tsallakewa saboda ba ta da abin nunawa ga baƙo, wato mai shinshinar iskar kabon monoksaid, gubar da ke fita daga janareta da kaskon gawayi, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma ta sha hallaka iyali guda cikin barci a gidajen da aka shigar da janareta cikin baranda don tsoron kada a sace shi. Kuɗinta bai kai na kyamara mai kyau ba, wurinta kusa da ɗakin kwana ne, kuma duk mai haɗa ƙararrawa a gidan da ake tayar da janareta da ita ya kamata ya fara.