Ni Da Ƙwarin Wake

Ciwona son araha ne, kuma irin wanda yake tafe da rowa. Da kaka ta yi wake ya sauko, in na ratsa 'Yankura ko na shiga Kasuwar Sabon Gari na ji kuɗin kwano, sai ƙafata ta ƙi gaba. Nan take nake zama babban ɗan kasuwar Dawanau a zuciyata: in sayi buhu, in jibge shi a ɗakin ajiyarmu na Fagge, in jira bazara ya yi tsada, in riƙa yi wa maƙwabta kallon marasa dabara.

Ƙarshenta ƙwarin wake ne ke cinye shi. Da a ce jahilci ne da da sauƙi. Na san ƙwaron nan fiye da yadda na san wasu dangina. Tun a gona uwar take fara manna ƙwanta a jikin kwanso, a ɗakin ajiya kuma a jikin ƙwayar, wani ɗan farin ɗigo da sai ka ƙura ido za ka gan shi. Tsutsar ba ta yawo a waje. Kai tsaye take hudawa ta shige cikin waken, ta ci ta ƙoshi, a zafin Kano cikin mako 3 zuwa 4 ta zama ƙwaro, ya fasa ya fito ya shiga neman aure. Duk hujin da ka gani, mai ɗakin ya riga ya tashi, 'ya'yansa kuma suna ciki.

Maganin ma na san shi. Tun 2007 aka fara yaɗa buhun PICS na Jami'ar Purdue ta Amurka a Afirka ta Yamma: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ka matse iska, ka ɗaure kowanne daban, ƙwarin su shanye 'yar iskar da ta rage su mutu, ba tare da ɗigon magani ba. Mai waken da kansa yakan ce, "Malam, ka haɗa da mai ledar nan mana." Ni kuwa da na zube kuɗin buhun wake guda ban girgiza ba, sai a kan wannan ɗan canjin zuciyata take yin ƙunci. "Alhaji, ai nawa ba zai daɗe ba."

Sai in dawo gida in hau barbaɗa toka da busasshen barkono, kowa na atishawa ban da ƙwarin. Fiya-fiya kam ban taɓa zubawa ba, amma tsoro ne ya hana ni. Irin gubar nan ce ta sa Tarayyar Turai ta rufe wa waken Najeriya ƙofa a 2015, kuma ni zan ci abin.

Uwargida takan ce, "Maigida, a buɗe buhun nan ko alala a yi wa yara." In ce ta bari ya ƙara tsada. Bara sai da ya fara ɗumi yana ƙaiƙayin hannu, gari na zubowa ta gindinsa, sannan na amince. Ta ɗebo ta zuba a ruwa, mafi yawa ya taso sama, fanko. Ta dube ni ta ce, "Ashe baƙi kake ciyarwa ba mu sani ba, Allah ya ba da lada."

Wani mai awaki na sayar wa ragowar. Sai da muka yi doguwar jayayya a kan farashi, kuma da ya ɗora a Keke Napep na bi shi har bakin titi ina cewa in ya juye ya dawo mini da buhuna.